Risho da Ruwan Jegon Inna

Jiya da safe na tsaya shan shayi a tashar Ƙafin Maiyaki, sai mai shayin ya ce gas ɗinsa ya ƙare. Ya jawo wani tsohon risho mai famfo daga ƙarƙashin tebur, ya ɗumama shi, ya buga, abin ya kama gurnani. Wallahi sai da na ajiye kofin. Da wannan ƙarar nake tashi kowace asuba a sanyin shekarar da aka haifi ƙanwata, kuma har yau ba na jin ta in zauna daidai.

Ni ba mai ilimi ba ne, kada ka jira in tsara maka zance. Yadda ya faru zan faɗa maka.

Mu mutanen da ruwan dam ɗin Tiga ya tasa ne. Lokacin na isa kiwon awaki, ban isa riƙe garma ba. Aka zo aka ce kowa ya kwashe, ruwa zai hau. Ya kuwa hau. Gidanmu da ɗorawar kakanninmu suna ƙasa har yanzu, kifi na yawo a kansu. Muka fito da tukwane da tabarmi da 'yan awaki. Baba har gugan fata na rijiyarmu ya kwance ya rataya a kafaɗa, mutane na yi masa dariya, wai mutumin da ba shi da rijiya me zai yi da guga. Aka sauke mu a wani fili kusa da wani tsohon ƙauye, aka ce ga naku. Filin nan kuwa da masu shi. Gonakin mutanen ƙauyen aka yanka aka ba mu, ba a tambaye su ba, kamar yadda mu ma ba a tambaye mu ba. Yanzu na san su ma an cuce su. A lokacin dai abin da na sani, idan mun doshi rijiyarsu sai ka ji an ce, "Ga 'yan ruwa nan," a janye igiya.

Babbar wahalarmu itace ce. Ba mu yi noma ba a daminar, saboda haka ko kara ba mu da shi. Kowace bishiya kuma da mai ita. Tuwo dai ana lallaɓawa da busasshen kashin shanu da 'yan tsince-tsince. To amma Inna tana da tsohon ciki, kuma ka san al'ada: mace ta haihu, sai ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa, safe da yamma. Tara itacen a wuyan miji yake. Tulin da ke ƙofar gidanka shi ne mutuncinka, mata masu zuwa barka shi suke fara kallo kafin su kalli jariri.

Baba ya ɗauki gatari ya shiga kurmin bayan ƙauyen, ya sari wani reshe da ya riga ya faɗi ya bushe. Aka kama shi, aka kai shi gaban mai unguwarsu, aka karɓe gatarin. Wani a cikin taron ya ce masa ɓarawo. Mai unguwa ya ce ba a hana shi itace ba, amma in yana so, ya zo bayan sallar Juma'a ya roƙa a gaban jama'a. Baba ya dawo gida. Ranar kasuwar Tudun Wada ya kwance babbar akuyarmu, ya miƙo mini igiyar, ya ce in biyo shi.

Bayan an sayar da akuyar muka tsaya a rumfar wani mai kayan ƙarfe. Risho iri biyu gare shi. Akwai mai lagwani, kore, mai faɗi, ba ya ƙara. Akwai mai famfo, na tagulla, ƙafa uku, irin wanda muka taɓa gani a hannun masu awon dam. Mutumin ya ce, "Malam, ɗauki mai lagwani, shi mata suke so. Wancan na direbobi ne, rigima gare shi."

Baba ya ce, "A waje zan yi aiki da shi. Fito da su duka ka kunna."

Aka fito da su tsakiyar hanya, inda iska ke kaɗawa. Baba ya cire hularsa ya yi wa mai lagwani fifita, wutar ta kwanta, ta yi ja, ta mutu. Ya yi wa mai famfo, sai ƙara gurnani yake. Ya ɗora masa dutse ya girgiza, ya ga ko ƙafafun za su ɗauki nauyi. Ya ce, "Wannan mai taurin kan nake so." Mai rumfa ya shiga yi masa bayanin yadda ake kunnawa, Baba na cewa, "Na gane, na gane," idonsa na kan hanya.

Da muka koma gida muka tarar Kaka ta iso, wato mahaifiyar Inna, wadda za ta yi mata wankan. Tsakaninta da Baba akwai kunyar surukuta, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni take gaya wa, ko da yana tsaye a gabanta. Ta zagaya rishon, ta taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa, ta ce, "Kai, maigidana, gaya wa ubanka ni 'yata na zo wankewa, ba shayi na zo sha ba."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Gaya wa Iya ruwa zai tafasa."

"Tambaye shi, cokali nawa?"

Inna ta sauka a tsakiyar sanyi. Sanyin bakin dam kuwa daban yake da wanda muka sani. Iska ce ke tasowa daga kan ruwa, ba abin da zai tare ta, ta ratsa zana ta shiga ƙashi. A ɗaki ba a kunna rishon, ga jinka, ga jaririya, ga warin kananzir. Sai a tsakar gida, bayan sallar asuba.

Ranar farko Baba ya cika tankin, ya hau buga famfo da ƙarfinsa na manomi, ya ƙyasta ashana. Kananzir ɗanye ya yi tsartuwa, wuta ja ta tashi ta fi shi tsawo, ta lashe masa rabin gemu. Kaka ta ce, "Gaya wa ubanka an gode, an ga aski. Saura ruwa." A nan ya tuna abin da mai rumfa ke faɗa yana cewa ya gane: sai an fara ɗumama kan rishon. Akwai wani ɗan kasko a wuyansa, ka sa tsumma mai kananzir ka kunna, ka haƙura har kan ya yi zafi sosai, sannan ka buga a hankali. In sanyi ya yi yawa, ka maimaita ɗumamawar. Ramin da man ke fitowa kamar ƙofar allura yake, kullum sai an tsokane shi da ɗan siririn ƙarfe. Iska kuma sai Baba ya tsaga tsohuwar garwa ya kewaye shi ta gefe uku.

Wutar ta tsaya, shuɗiya. Sai kuma maganar Kaka ta fito: ƙaramar tukunya kaɗai yake ɗauka, kafin ta biyu ta tafasa ta farko ta huce. Kaka ta yi tsaki. Da hantsi na gan ta tana haƙa rami a gefen banɗaki, ta binne randa har wuya, ta cusa ciyawa da tsofaffin buhuna a kewaye, ta yi mata murfi da faifai da bargo. Tukunya ta tafasa, in ɗauka da tsumma in juye a randa, Kaka ta rufe, Baba ya ɗora wata. Haka har ta cika, tana tururi. Kaka ta tsoma ganyen runhu ta shiga da Inna. Ni ne mai tsugunawa gaban garwa, bayana na daskarewa, fuskata na gasuwa.

Kananzir ya fara gagararmu tun kafin suna. Ban san wanda ya fara ba, amma sai muka riƙa ganin yaran maƙwabta, 'yan ruwa irinmu, suna shigowa da fitila, su tsiyaye abin da ke ciki a kwalbarmu su fita. Unguwarmu ta koma cin tuwo kafin magariba, tun da fitilu ba mai.

Ranar suna sai ga jaki biyu a ƙofar gida, ɗauke da itace, busasshen marke mai kyau. Ɗan aiken mai unguwar ƙauyen ya ɗaga murya yadda duk wanda ya zo suna zai ji, ya ce mai unguwa ya ji labarin ana dafa ruwan jego a butar shayi, ga sadaka a taimaki baiwar Allah. Baba ya durƙusa kamar yadda ake yi, ya ce, "A gaya masa mun gode, Allah ya saka." Mayar da kyautar babba rashin kunya ne, Baba kuwa ba mara kunya ba ne. Aka sauke, aka jera a jikin dangarmu. Bai ce kada a taɓa ba. Bai dai taɓa ba. Duk unguwar nan, da tsofaffi masu tari da yara masu majina, ba wanda ya zari ko sanda ɗaya. Mutanen ƙauyen kuma kullum sai wani ya biyo ta hanyar, wai neman akuya, yana duba ko tulin ya ragu.

Sai wata asuba, wajen tsakiyar jegon, sanyin da ya fi na kullum. Baba ya ɗumama kai, ya buga famfo, sandar ta tafi sululu, ba ta tura komai. Ya zaro ta. 'Yar fatar da ke bakinta, wadda ke tura iska, ta bushe ta tsage. Ya juya ta, ya tofa mata yawu, ya mayar. Shiru. Gari na wayewa, randa ba ko ɗigo. Inna kuwa tun jiya take cewa jikinta na mata nauyi, ƙafafunta sun ɗan kumbura. A wurin mutanenmu, mai jegon da sanyi ya shiga, ko ta tashi ba ta ƙara zama daidai. Mun ga waɗanda aka binne, aka ce sanyin jego ne.

Kaka ba ta yi ba'a ba ranar. Ta ce mini a hankali, "Gaya wa ubanka 'yar tawa ɗaya ce."

Baba ya miƙe ya fita. Na bi shi. Ya tsaya gaban tulin nan, ya daɗe. Na ga ya miƙa hannu ya kama wani gungume. Ni dai a raina cewa nake ya ɗauka, don na gaji, yatsuna sun tsattsage.

Sai muryar Inna daga cikin ɗaki, ita da ba a jin muryarta ko a tsakar gida. Ta ce, "Malam! Ina jin ka. In ka dafa da wannan, ka nemo wadda za ta yi wankan. An ce maka ɓarawo a gaban mutane, ni aka faɗa wa. Ba a wanke ni da sadakarsu."

Ya saki gungumen.

Kaka ta ce, "To, ku biyun duk mahaukata ne, Allah ya haɗa ku." Ta karɓi tsagaggiyar fatar ta kai kusa da idonta, ta murza. Ta ce, "Wannan ai fata ce kawai. Ina gugan nan da ubanka ya ɗauko?" Aka sauko da shi daga inda yake rataye. Baba ya yanko daidai faɗin kwabo, ya huda tsakiya. Kaka ta tauna ta har ta yi laushi, ta shafe ta da man shanun da ake sa wa Inna a kunu. Ta farko ta yi faɗi, ta ƙi shiga. Aka rage. Da ya buga, muka ji sandar ta yi nauyi a hannunsa. Rana ta riga ta fito sosai kafin randa ta cika, amma an yi wankan.

Haka muka kai arba'in. Kumburin ya saɓe. Inna ta yi kitso da lalle, ta goya ƙanwata, ta fita yawon gaishe-gaishe. Ta gaban tulin ta wuce, ta bi ta tsakiyar ƙauyen nan tana gaida kowa da kyau, har ƙofar gidan mai unguwa. Itacen kuwa yana nan har damina ta sauka, gara ta shige shi, ya zama ƙasa.

Yau kurmin da aka kama Baba a ciki babu shi, an sare an yi gawayi. Mu da mutanen ƙauyen duk a mota ake kawo mana itace daga wajen Doguwa. Mun yi auratayya, ɗiyata ma a can take aure. Ma'aikatan asibiti kuma sun ce wankan nan da tafasasshen ruwa ba shi da kyau, matan yanzu da ɗumi-ɗumi suke yi. Ban musa ba, su suka yi karatu.

Abin da ba na ɗauka shi ne wanda wasu ke faɗa a majalisa, har da 'ya'yan cikina, wai Baba girman kai ya yi, ya sa ran matarsa a kan fushi. Masu faɗar haka ba a taɓa tashinsu daga gidan ubansu ba, ba a taɓa cewa su durƙusa bayan Juma'a su roƙi busasshen reshe ba. Mutumin da aka raba da gona da rijiya da kabarin iyayensa, abu ɗaya ya rage masa, ya ce a'a. Kuma ba Baba ne ya faɗe ta ba ranar. Baba ya rasu, Kaka ta rasu, amma wadda ta faɗa tana nan a ɗakin da ke bayan nawa. Duk mai ganin an cuce ta, ya zo ya gaya mata da bakinsa. Sai dai ya ɗaga murya, kunnen ya yi nauyi. Bakin kuwa yana nan yadda yake.