Kuɗin Haya a Ƙarƙashin Buzu

Tsohon da ya ba mu haya a Daura bai taɓa karɓar kuɗi daga hannuna ba. Falken shanu ne da ya yi zamaninsa, ya tara abin da ya tara, sannan ya bar wa yara kasuwa ya shimfiɗa buzu a zaurensa. Ranar da na fara kai masa kuɗin haya, ina sabon malamin firamare, na durƙusa na miƙa masa a gaban mutane. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata.

"Haba Malam," in ji shi, "ɗa yana miƙa wa uba kuɗi a bainar jama'a? Zauna tukuna."

Na zauna ina jin kunya har aka watse. Sai ya ɗan ɗaga gefen buzun da yatsa. Na tura kuɗin, ya saki, ya tambaye ni labarin damina a wajenmu. Tun daga ranar haka muka riƙa yi. Duk shekara bayan babbar salla in je gaisuwa, in tura abin da zan tura a ƙarƙashin buzu, mu ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba. Idan akwai wani dattijo a zauren, dattijon yakan kau da kai ya shiga gyaran carbi, domin haka ake yi. In kuwa baƙo ya tambayi ko ni wane ne, tsohon yakan ce da ƙarfi, "Wannan ba ɗan haya ba ne, ɗana ne." Ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi har cikin raina.

Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki uku ne na ƙasa, da rijiya, da darbejiya a tsakar gida. Amma a nan mahaifiyata ta sake samun idanu. Lokacin da na ɗauko Inna daga ƙauyenmu na wajen Sandamu, ganinta ya riga ya tafi gaba ɗaya. Mace ce da ba ta iya zama a yi mata, kuma abin da ta fi tsana a duniya shi ne a kama mata hannu. Da ƙafa ta koyi gidan. Ta san inda daɓe ya ɗan faɗa kusa da randa, ta san saiwar darbejiya da ta fito a hanyar madafa, ta san in ta kama igiyar shanya ta bi ta har ƙarshe, ƙofar banɗaki tana hannun dama. Ita take tankaɗe, ita take watsa wa kaji tsaba, ita take kama jikokinta in sun yi ɓarna, don ta fi su sanin maɓoya. Matata takan tsokane ta ta ce, "Inna, anya ba ƙaryar makanta kike mana ba?" Sai ta ce, "Makantata tana bakin zaure, can nake ajiye ta. A cikin gidan nan ina gani."

Muna nan zaune Daura ta fara cika. Aka kawo manyan makarantu da ma'aikatu, baƙi suka shigo, ɗaki ya yi tsada. Yaran da jiya suke dillancin awaki suka koma dillancin gidaje, suna yawo a babur da tarin makullai. Abokan aikina suna ta kuka, wannan an ninka masa haya, wancan an ce sai ya biya na shekara biyu a gaba. A rediyo nakan ji ana gardama kan dokar da za ta taka wa masu gidaje birki a Abuja da Legas, ana maganar rasit da wa'adi da haƙƙin ɗan haya. Ina ji ina tausaya wa mutanen birni, waɗanda sai da takarda suke yarda da juna. Ni ina ruwana, ina da uba a zaure.

Sai uban ya rasu.

Bayan an yi arba'in aka raba gado, gidanmu ya faɗa rabon wani ɗansa da ke zaune a Kano. Ya zo da kansa, ba zan yi masa ƙarya ba, da ladabinsa ya zo. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya sha ruwan randarmu. Amma ina kallonsa yana auna tsakar gidan da ido. Da muka fito zaure ya ce zai rushe ya gina ƙananan ɗakuna na ɗalibai, don haka yana so mu ba shi wuri kafin ƙarshen wata.

Na ce masa gida nasa ne, ban ja da wannan ba. Amma ni ɗan hayar shekara ne, kuma shekarata ba ta ƙare ba. Ko a birnin da ya fito ana ba ɗan haya wa'adi mai tsawo. Ina da tsohuwa makauniya, ina buƙatar lokacin da zan nemi gida mai tsakar gida wanda za ta iya koya.

Ya dube ni da mamaki, kuma na rantse mamakin na gaske ne. "Haya kuma, Malam? Ai Baba ya sha faɗa mana alfarma ya yi maka."

Muka tafi gaban mai unguwa. Aka kira liman, aka kira dattawan da suka yi shekaru suna zama a zauren marigayi. Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun ji da kunnensu yana cewa ni ba ɗan haya ba ne. Na juya wajen wani tsoho wanda aka fi yin abin a gabansa, na ce, "Baba, don Allah, kai ma ba ka sani ba?" Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Yaro, ni dai idona bai taɓa gani ba." Gaskiya ya faɗa. Duk lokacin da buzu zai ɗaga, shi yake fara kau da kai.

Abin da yake ci mini rai har yau ke nan. Da ƙarya aka yi mini, da na san wanda zan riƙe a zuciya. Ba wanda ya yi ƙarya a wurin nan. Kowa ya yi abin da tarbiyya ta ce ya yi, kuma tarbiyyar ce ta fitar da mu waje. Marigayi ya ci kuɗina, ya kuma ci sunan mai kyauta a unguwa, bai bar mini ko ɗaya ba.

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Malam, zanen aro ba ya rufe katara. Wanda aka yi wa alheri shekara da shekaru, godiya ce tasa." Ya roƙi magajin ya ƙara mana 'yan makonni don darajar tsohuwa, shi kuma ya amince, aka yaba masa. Daga nan liman ya ɗaga hannu aka yi wa marigayi addu'a, Allah ya saka masa da gidan Aljanna kamar yadda ya zaunar da bayin Allah kyauta. Na shafa tare da kowa. Na ce amin, har na yi godiya.

Wani abokin aikina ya ce in kai ƙara kotu, in rantse a kan abin da na biya. Na kawo wa Inna maganar. Ta ce, "Wato ka tsaya gaban alƙali ka ce mutumin da ke kwance a kabari maƙaryaci ne? Ya rufa maka asiri yana da rai, kai ka tona nasa ba ya nan? Ba da yawuna ba." Na ce mata ni ban ga asirin da ya rufa mini ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Cikin gaggawa abin da na samu shi ne ɗaki biyu a wani gidan haya a bakin gari, irin mai ɗakuna a jere. Banɗaki ɗaya ne na kowa da kowa, can a ƙarshen wani dogon lungu da ke cike da bokitai da murhun gawayi da baburan maƙwabta. Kullum kayan suna sauya wuri, don haka babu abin da ƙafa za ta haddace. Sabon mai gidan yaro ne, ya karɓi kuɗi da hannunsa, ya ƙirga a gabana, ya ba ni rasit. Ban taɓa jin ƙaunar marar kunya irin ta ranar ba.

Washegarin tarewarmu Inna ta tashi za ta yi alwala. Ta miƙa hannu sama tana neman igiyar shanya, ba ta samu ba. Ta yi gaba kaɗan ta yi karo da tukunyar wata maƙwabciya, ruwan zafi ya zube kusa da ƙafarta. Matar ta ce, "Don Allah a riƙa kama wa tsohuwar nan hannu mana." Inna ta tsaya cak. Na zo na kama hannunta, ta bar ni na kama har na dawo da ita ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki matata ta lura kofin Inna ba ya raguwa. Da zafin nan na bazara, sai ta wuni ba ta kurɓi ruwa ba, leɓenta duk ya bushe. Na ɗebo mai sanyi na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ki sha mana."

Ta laluba ta ture kofin a hankali.

"Bar shi," ta ce. "In na sha, sai an kai ni banɗaki."