Tsattsewar da Ursule Ta Zana

Ursule Fauvel a kan teburi ɗaya ta tsufa, a saman benen shagon gwal na Garnotel, a Paris. Aikinta zana sarƙa da 'yan kunne kafin maƙera su taɓa ƙarfe. A takarda mai ruwan toka take yi, da buroshi siriri kamar gashin gira, kowane dutse daidai girmansa, har mai saye ya kai hannu zai ɗauka. Sai dai a sana'ar nan mai zane ba ya sa sunansa. Hatimin gida ake bugawa, kuma duk abin da ya hau takardar gida ya zama na gida.

Ta san dokar sarai, ita ce ma ke karanta wa sababbi. Amma da auren 'yarta Blandine ya matso, son ɗiya ya rufe mata ido. Ana fita cin abincin rana ta ja takardar da ke gabanta, ta zana 'yar tsattsewa ta maƙalawa a ƙirjin riga, mai shuɗin fukafukai. Wani maƙeri ya riga ya yi alkawarin ƙera mata da azurfa. Yarinyar ba ta sani ba, sai ranar biki za ta gani.

Fenti bai bushe ba maigida Garnotel ya hawo, ya tsaya a kanta yana lumshe ido.

"Ranka ya daɗe, wannan ta 'yata ce."

"Takardar fa, ta wa ce, Ursule?"

Ya buga hatimi. Shagon ya ƙera tsattsewar, matar wani mai banki ta saye ta, da sharaɗin ba za a sake yin irinta ba, don haka maƙerin ma ya janye. Blandine ta shiga coci ƙirjin rigarta fayau. Kunya ta hana uwar faɗa mata, baƙin cikin kuwa bai taɓa sakinta ba.

Bayan Garnotel ya mutu, magadansa suka jera tsofaffin zane-zanen gidan a tagar shago. Ursule ta zo wucewa riƙe da hannun Blandine, wadda ita ma furfura ta fara mata. Idon tsohuwar ya dushe, amma shuɗin tsattsewar nan ko daga nesa ta gane shi. Blandine ta karanta mata rubutun da ke ƙasa: wai marigayi Garnotel ne ya zana da hannunsa, kyauta ga matarsa.

"Wasu matan dai da sa'a aka haife su, Mama. Ke kin ƙare rayuwa kina yi wa 'ya'yan wasu ado, ni ko zobe ba ki taɓa zana mini ba."

Ursule ta matsa jikin gilashi tana neman wata shaidar da za ta nuna mata cewa zanenta ne. Daga sama har ƙasan takardar, hatimi ne kawai.

Ta ce su tafi, kada mai burodi ya rufe.