Bangon da Aka Juya

Lokacin da cinikin faifan bidiyo ya fara mutuwa a hannunmu, ɗaliban jami'a ne suka riƙe min shago. Kowa ya koma tura fim a waya, su kuwa suna zuwa neman katun ɗin Japan da littattafan zanensa. Ban san kan labaran ba, ban kuma damu in sani ba. Abin da na sani shi ne, ranar da yaran nan suka sauya dila, sai dai in rufe shago in koma Kagara noma.

Da suka shirya taron masoya katun a wani zaure kan hanyar Maikunkele, shugabansu, wani dogon saurayi ɗan kudancin Kaduna, ya ba ni tebur. Na sayo kwalin littattafan gwanjo daga Legas. Wasu sun fara ɓallewa, sai na kai kwalin gaba ɗaya wurin wani dattijo Banufe a Sabon Gari mai ɗinke littattafan makaranta, na ce ya shafa musu gam. Da safen taron na ɗauko kayana a ɗaure, ban duba ba.

Ban taɓa ganin cinkoso irin na ranar ba. Wannan ya rina gashi shuɗi, wancan na jan takobin kwali da ya fi shi tsawo, wata ta ɗora kunnuwan kyanwa a kan hijabi. Janareta na tari, fanka na juya zafi. An ɗauke kujerata an kai wa alƙalan gasar kyawun shiga, tun hantsi nake tsaye ana taka min ƙafa.

Mai kunnuwan kyanwar ce ta fara buɗe littafi. Ta yi tsaki.

"Haba Oga! Wannan ai ƙarshen labarin ne. Ka nuna min wanda ya mutu tun ban fara ba!"

Shugaban ya kutso ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga wani, ya dafe kai.

"Oga, wa ya taɓa kayan nan? Waɗannan daga dama ake buɗe su. An ciccire bangon an juya."

Na matsa gefe na kira dattijon a waya, yatsa a kunne saboda kiɗa.

"Baba, me ka yi wa littattafaina?"

"Ka gani ko? Ɗana, 'yan Legas sun so su cuce ka. Rubutun Turanci ne, amma an manna bango ta wajen na Larabci. Duk na gyara maka, har bayana ya ƙage. Kar ka ƙara min ko sisi."

Na ce Allah ya saka da alheri, na kashe.

Na dawo na kifa littattafan duka, duk wanda ya zo in ce ya buɗe ta baya. Na faɗa har muryata ta dushe. Wasu suka saya a karyayyen farashi, wasu suka yi dariya suka wuce teburin wani matashi da ya taso daga Abuja, kayansa a leda, ko ƙura babu. Ina kallon mutanena suna karɓar lambarsa.

Da la'asar, ina tattara ragowar, shugaban ya zo ya zauna a bakin teburina, ya cire hular kwalinsa, gumi sharkaf.

"Ɗan Abujan nan ya ce zai riƙa kawo mana. Na ce a dakata, Oga namu ne. Amma kwali na gaba, ni zan fara yanka igiyarsa, kafin kowa, har kai."

A kasuwa ba a barin mai saye ya riga ka ganin cikin kwalinka, domin in ya gani, ya gama sanin sirrinka. Na dubi ƙafafuna da suka kumbura, na dubi ɗan Abuja yana loda mota.

Na ce, "Ka zo da rezarka."