Dajin Da Ya Yi Yaji

A ƙauyenmu, can bayan Bukuru, sanyi ba ya jiran lokacinsa. Ko da damina, ana idar da sallar isha'i sai ka ji yana shiga ƙashi. Shi ya sa ɗakin girkin Iya, kakata ta wajen uba, ya zama matattararmu. Takan hura wuta da itacen turare, ta binne dankalin Turawa a toka, mu jikokinta mu kewaye murhu, gabanmu na gasuwa bayanmu na shan sanyi.

Iya doguwa ce, wuyanta a miƙe kyam, ta ce kwanon sarki ne ya miƙar da shi. Tun tana budurwa ta yi dakon ƙasa a ramin kuza. Mu da muka taso kamfani ya daɗe da tafiya, ya bar tuddan jar ƙasa da kududdufai masu zurfi da aka hana mu kusanta. Amma itatuwa sun rufe wurin ruf. In na raka ta neman itace, takan tsaya a tsakiyar kurmin ta ce, "Maigida, ka ga nan? Nan muke juye ƙasa. A lokacin ko inuwar da kaza za ta fake babu."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita. Takan gyara itace a wuta ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri." Mu ce, "Ta zo ta zauna."

Wai an yi wani gari na masu narka tama. Ƙarfensu ya yi suna, fatake na zuwa daga nesa. Wutar narka tama kuwa ba ta ƙoshi da gawayi. Suka sare ƙirya, suka sare marke, har tsamiyar da ake hira a gindinta ba su bari ba. Daji ya yi haƙuri har ya gaji. Wata safiya suka tashi suka tarar sauran itatuwan sun tattara saiwoyinsu sun yi yaji, sun koma bayan duwatsu.

Aka tura manyan gari biko, da goro da turmin zane. Daji ya ce bai san zancen ba. Aka tura samari da gatura, ƙaya ta tare musu hanya. Da babu gawayi wuta ta mutu, da babu inuwa rijiyoyi suka ƙafe. Mutane suka watse, aka bar wata tsohuwa mai ciwon ƙafa ita da akuyarta.

A nan Iya kan rage murya. "To, daji fa yana da zuciya, amma yana da wayo. Bai aiko manyansa ba. Sai ya kira tumfafiya, wadda ba ta yin gawayi, ba ta yin inuwa, ko akuya ba ta so. Ya ce, je ki gano mini ko da sauran mutum a garin."

Tumfafiya ta tsiro a cikin wata fasasshiyar tukunyar narka tama, daidai ƙofar tsohuwar. Tsohuwa ta dube ta ta ce, "Baƙo dai baƙo ne." Kullum in za ta yi alwala sai ta ja ƙafa ta je gindinta ta yi. Labari ya kai wa daji. Ya aiko farar ƙaya, aka karɓe ta. Ya aiko magarya da aduwa. Ƙirya ce ta zo ƙarshe, tana tafe tana yanga. "Ƙurunƙus," in ji Iya. "Ku tono dankalinku kafin ya zama gawayi."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada ka wulaƙanta baƙo don ya zo da tsumma. Da wannan fahimtar na girma, na yi aure, na zo Riyad.

Shekaru masu yawa ina tuƙa mudir, wato shugaban wani kamfani, a unguwar Ulaya. Farar jallabiya, mota mai sanyi, masu gadi na gaishe ni da sunana. Bara kamfanin ya rufe. Iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, in ban sami wanda zai karɓi kafalata ya tsaya mini a matsayin ubangida ba sai fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ga 'yata Maryam tana tsakiyar karatun jinya a Jos. Aiki ɗaya ya samu, gadin wani bene a unguwar Jaradiya, da sharar matakala, da wanke motocin mazauna. Na ce ina, ni da ake buɗe wa ƙofa.

Wata Juma'a bayan la'asar, Baba Isiyaku, wani dattijo mutumin Maraɗi da muke salla a masallaci ɗaya, ya ce in raka shi kwarin Wadi Hanifa ya miƙe ƙafa. Muka gangara ta gefen Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ƙarar motoci ta yi baya. Hanya ta bi ta ƙarƙashin itatuwan ƙaya da magarya, rassansu sun haɗe a sama, haske na ɗigowa kaɗan-kaɗan. Ruwa na gudana a tsakanin duwatsu, dogayen ciyayi sun fi mu tsawo, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya ko kallonmu bai yi ba. Iyalai sun shimfiɗa dardumai suna shan gahawa. Na daɗe a garin nan, ban san yana da wuri mai ƙamshin ɗanyen ganye haka ba.

Baba Isiyaku ya tsaya a gaban wani dutse da aka yanke shi tsaye kamar bango.

"Ka ga wannan? Aikinmu ne," in ji shi. "Farkon zuwana tifa nake ja. Nan muke lodin tsakuwa. Ƙura har ba ka ganin wanda ke gabanka. Da aka gama cin dutsen, sai aka mai da wurin juji."

"Baba, nan ɗin?"

"Wallahi nan. Daga baya aka ce khalas, ya isa haka, aka kwashe sharar, aka yi dashe. Amma duba can." Ya nuna da sandarsa. A tsagar dutsen, inda hannun mai dashe ba zai kai ba, wata tumfafiya ta fito da faffaɗan ganyenta, kusa da ita ƙaramar ƙaya. "Waɗannan ba wanda ya gayyace su. Tun ana zubar da shara su suka fara zuwa."

Muka ci gaba. Ya nuna mini guntun wayar ƙarfe mai kauri da saiwar magarya ta naɗe, ta haɗiye rabinta. Na sa hannu na ja, ko motsi. Na zauna a kan wani dutse, na ba shi tatsuniyar Iya tun daga farko. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Kakarka ta san duniya. To kai da aka aiko maka tumfafiya, me ka ce mata?"

Washegari na je na karɓi makullan benen.

Yanzu na gane Iya ba zancen baƙi kaɗai take ba. Ita kanta ramin kuza ya cinye ƙuruciyarta, kamfani ya tafi bai waiwaye ta ba. Ta fara da tallan ƙosai a bakin hanya, da shi ta raini mahaifina. Ta san in abu ya rushe, ba da girmansa yake dawowa ba.

Ina nan ina sharar matakala. Bayana na ciwo, amma iƙama ta sabuntu, Maryam kuma ba ta bar aji ba. Kwanan baya na ba ta tatsuniyar a waya. Da na gama sai ta ce, "Baba, tsohuwar ta rayu har ta ga ƙiryar?"

Duk shekarun da na yi a gaban murhun nan ban taɓa tambaya ba, Iya kuma ba ta faɗa ba. Na ce, "Ban sani ba, uwata. Amma jikokinta sun sha inuwa."