Babban Yatsan Mutari

Taubashina Mutari tela ne a Zongo, amma ran Lahadi kogin Isa ke da shi. Ya ɗinka wa kwalekwalensa ƙaton ƙyalle na buhunan shinkafa, iska ta cika shi, su yi ta tsere da masunta. Hannuwansa na kan sandar tuƙi, igiyar ƙyallen kuwa da babban yatsan ƙafar dama yake riƙe ta, yatsan da na rantse ya kai kan akuya. Shi ya sa ba ya shiri da takalmi.

Sai ciwon suga ya kashe masa tafin ƙafa. Wata Lahadi ya taka fasasshiyar kwalba a bakin ruwa, bai ji komai ba sai da matarsa Salima ta ga sawun jini a tsakar gida. Lokotoron asibiti ya ce ko takalmi, ko wata rana a yanke ƙafar.

Wata biyu Salima tana wanke ciwon, tana naɗewa. Shi kuwa ko labule iska ta kaɗa, sai ya juya wajen kogi.

Da ya warke, ta ajiye masa takalman roba rufaffu. Ta huda na daman, daidai babban yatsa.

"Baban Hawa, wannan ɗayan na bar wa kogi. Sauran taran nawa ne, kullum sai na duba su."

Ran Lahadi shi ya zo na ƙarshe a tseren, baki har kunne. Yana shiga gida ya zauna ya miƙa mata ƙafafu, tun ba ta tambaya ba.