Simintin Yaya da Rijiyar Baba

Ni ce na fasa simintin tsakar gidanmu na Ƙofar Ran, da diga, da hannuna, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba. Dangi sun daɗe suna ba da labarin yadda suka ga dama, to ga nawa.

Akwai rijiya a gidan, kusa da katangar da ke kallon titi. Baba ne ya sa aka haƙa ta tun ba a haife ni ba, kuma duk yarintata ban taɓa ganin gindinta ba. Da bazara matan lungunmu har layi suke yi a kanta. A lokacin tsakar gidan ƙasa ce, da gwaiba guda ɗaya a tsakiya. Bayan rasuwar Baba sai Allah ya yi wa Yaya buɗi. Shi ne babban wanmu, yana da shagon atamfa a kasuwar Muda Lawal. Sai ya yi abin da duk ɗan kirki yake yi a unguwarmu in ya samu hali, ya daɓe wa uwarsa tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin banɗaki. Aka sare gwaibar, wai ganyenta na ɓata wuri. Birkila ya karkata daɓen yadda ko ɗigon ruwa ba zai kwana ba, duk sai ya bi rariya, ramin nan na gindin katanga, ya faɗa kwata. Mutane suka yi ta shigowa suna sa albarka. Ni ma na sa, ba zan yi ƙarya ba, har guɗa na yi.

Lokacin da mijina ya rasu na dawo gida da zama, ina koyarwa a firamare, ina kula da Inna, na tarar rijiyar ta fara ja da baya. A shekarar aka yi fari, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Sanyi bai gama fita ba guga ya fara dawowa da taɓo, daga nan ya koma dawowa a bushe. Famfo kuwa sai dai kallo. Muka koma wa 'yan garuwa, Inna tana shan ruwan jarka tana yamutsa fuska, ta ce warin roba yake yi.

Wata Juma'a Yaya ya shigo bayan masallaci, ya gaida Inna, ya ci tuwo, sannan ya ce ya yanke shawara. Za a cike rijiyar, a fasa katanga ta waje, a gina shago a wurin. Inna ta juya ta kalli rijiyar.

Na ce, "Yaya, ba za a cike rijiyar Baba ina numfashi ba."

Ya ce, "Ke, rami ne fa yanzu. Ko so kike wani ya faɗa?"

"Ka ba ni damina ɗaya."

Dariya ya yi. "Na ba ki. Amma in bazara ta zagayo guga ya fito a bushe, kada in sake jin bakinki."

Gaskiya ba ni da wata dabara a ranar, bakina ne kawai ya riga hankalina. Dabarar a Shadawanka na samo ta, wurin wata 'yar kudu mai sayar da abinci a bakin bariki, wadda nake koyar da 'yarta. Na je duba yarinyar ba ta da lafiya, sai na ga ayaba kore shar a bayan shagonta, ga gari ya bushe ƙamas. Na tambayi uwar wa yake kawo mata ruwa. Ta ja ni ta nuna mini. Rami ne ta haƙa ta cika da duwatsu da tsakuwa, ta juyo ruwan rufin kwanonta ciki. Gefe kuma wani ramin, inda take zuba shara da ɓawon doya da toka da ruwan wanke-wanke, ta dasa ayaba kewaye da shi. Da Hausarta ta bariki ta ce mini, "Malama, ruwa ba ya gudu da kansa. Ku ne kuna kore shi waje."

Na hau keke na dawo, na tsaya a tsakar gida da jakata a kafaɗa. Na kalli indararo, na kalli daɓe, na kalli rariya. Ashe duk ruwan da Allah ya saukar mana raka shi muke yi har waje kamar baƙon da ba a so, sannan mu zo mu tsaya a kan rijiya muna tambayar ina ruwa. Haushi ya kama ni, haushin kaina da na guɗar da na yi.

Ranar Asabar da safe na aro diga. Sara na farko sai da na ji shi har cikin haƙorana. Inna ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakinta, na zaci hana ni za ta yi. Sai ta ce, "Ki matsa daga gindin katanga, kada ki kayar mana da ita." Ta koma ciki.

Kwana uku ina yi, hannuwana duk suka yi kanta. Na haƙa rami ya kai mini ƙugu, nesa da banɗaki, 'yan taku daga rijiya. Na cika shi da ɓaraguzan simintin, na bi da tsakuwa, na rufe da yashi, na ja hanya daga ƙarƙashin indararo zuwa cikinsa. A inda gwaiba take da, na yi na shara, na dasa ayaba da gwanda da zogale, na jefa 'ya'yan kabewa. Rariya kuwa na toshe ta da buhun yashi.

Da Yaya ya zo bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya tsaya kan ɓaraguzan ya ce, "Abin da na yi wa uwata ne kika farfasa?" Maganar ta soke ni, don na san da zuciya ɗaya ya yi. Amma na dake na ce, "Damina ka ba ni, ba ka ce ban da diga ba." Daga ranar ya daina cin tuwonmu. Gwaggonninmu suka ce takaba ce ta taɓa mini kai, mace mai ilimi ta mai da gidan ubanta juji, ko ganye ba ta bari a share.

Ruwan farko mai ƙarfi ya ba su abin faɗa. Na toshe rariya ƙam, ban bar wa rarar ruwa hanya ba. Ramin ya cika, tsakar gida ta cika, ruwa ya shiga ɗakin Inna ya jiƙa tabarmi da rabin buhun masara. Na shiga ruwa har ƙwauri na fizge buhun yashin, maƙwabta na leƙe ta zaure. Na yi kuka ranar, amma na takaici ne, ba na nadama ba. Washegari na ɗaga bakin rariyar da taƙi guda, yadda sai ƙasa ta ƙoshi da ruwa sannan sauran zai fita, na ƙara rami na biyu. Ita ma wannan daminar ba ta yi wani kirki ba. Amma duk ruwan da aka yi, nakan tsaya in ga yana juyawa yana nutsewa a cikin gidanmu.

Bazara ta zo da zafinta. Rijiyoyin lungu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta yi ta sauka, sau biyu ina ƙara igiya. Na hana a taɓa ta sai don sha da alwala. A gaban mutane ina cika baki, ni kaɗai na san yadda gabana yake faɗuwa in na saki guga.

Ana sauran 'yan kwanaki hadari ya fara haɗuwa, Yaya ya zo da birkila da motar bulo, har an fara saukewa a ƙofar gida. Tun safe ban ja ruwa ba ranar, tsoro ya hana ni. Na ɗauko guga na miƙa masa.

"Ja da kanka, Yaya, kada gobe a ce na yi wani abu."

Ya naɗe hannun riga ya saki. Igiya ta yi ta tafiya, ta wuce ƙulli na farko, ta wuce na biyu. Can muka ji ƙarar, 'yar ƙarama. Ya janyo a hankali. Rabin guga ne, jaja-jaja da shi, amma da sanyinsa. Ya tsaya riƙe da shi, bai kalle ni ba.

Daga ƙofar ɗaki Inna ta ce, "A zubo mini a buta, la'asar ta yi."

Shi ya kai mata da kansa, ya durƙusa ya zuba. Ta tara hannu ta kurɓa, ta ce, "Ruwan babanku ne."

Birkila ya leƙo daga zaure ya ce, "Alhaji, a sauke sauran?" Yaya ya ce a tafi da su. Waɗanda aka riga aka sauke kuwa, da su na kewaye ramin ayaba. Har yanzu in ya zo ya ci tuwo yakan nuna su ya ce bulonsa ne, ni kuma in ce ya zo ya ɗauka.