Ruwan da Ya Karya Wuyan Mubarik

Duk mai zuwa sallar Juma'a a Lanham ya san Wahida Sulemana, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke shigowa da shuɗin kayan aiki a ƙarƙashin mayafi, ta yi sallah a sahun baya, ta fice tun mata ba su gama gaisawa ba. A Kumasi aka haife ta, a unguwar Aboabo ta tashi. Ta zo Amurka da mijinta Abdul-Nasir tana ɗauke da cikin fari, kuma shi ne ya zama na ƙarshe. Mijin ya rasu da ciwon zuciya tun ɗansu Mubarik na firamare, aka bar ta da yaro da aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

Aikin ya shiga jikinta. Ta iya ɗaga ƙaton mutum daga gado zuwa kujera ba tare da ya ji zafi ba. Ta iya canza zanen gado alhali majiyyaci na kwance a kai. Ta yi wa tsofaffin Turawa wanka har ba ta san adadinsu ba, wasu ma a hannunta suka cika. Da yamma ta dawo ta dafa shinkafa da wake, ta zauna tana kallon ɗanta yana ci. Da Hausa take yi masa magana, shi kuma ya amsa da Turanci, haka suka saba.

Teku ba ta cikin rayuwarta. Mutuniyar Kumasi ce, ruwan da ta sani bai wuce na famfo da na sama ba. Sai da Mubarik ya shiga kwaleji ya haɗu da wani yaro ɗan Ghana mai suna Elvis, shi ya fara kai shi Ocean City, tafiyar wajen awa uku daga gida. Can ya ga masu hawan igiyar ruwa a kan allo, ya dawo ba shi da wata magana sai ita. Ya sayo tsohon allo da ya fi shi tsawo, ya jingine a falo. Kullum yana duba waya, yana cewa gobe ruwa zai yi kyau, jibi ba zai yi ba.

"Kai kifi ne?" haka take ce masa. "Ubanka bai iya iyo ba, uwarka ba ta iya ba. Me ka ajiye a cikin ruwan nan?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Mma, wata rana zan kai ki ki gani."

Ba ta je ba. Amma ba ta hana shi ba, domin yaron yana sallah, yana karatunsa, bai taɓa jawo mata magana ba.

Wata Asabar ce a watan Satumba. Tana gidan wata tsohuwa a Annandale tana ba ta abincin rana, wayarta ta yi ƙara. Elvis ne.

"Anti, Mubarik ya ji ciwo a teku. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa asibiti a Baltimore."

Ta leƙa ta taga. Rana tas, ko ganye ba ya motsi. Ta ce, "Wane irin ciwo? Yau ko iska babu."

"Anti, ki zo kawai."

Yayanta Abdul-Gafaru, wanda ke tuƙa motar haya a Woodbridge, shi ya zo ya ɗauke ta. Da suka isa an riga an shiga da yaron ɗakin tiyata. Bayan dogon jira likita ya fito ya zaunar da su. Ya ce ruwa ya ɗaga shi ya buga kansa da ƙasa, ƙashin wuya ya karye, lakar da ke ciki ta taɓu. Ya ce zai rayu. Ƙafafu kuwa kada su sa rai, hannuwa sai abin da aka gani. Wahida ba ta bukaci a ƙara mata bayani ba. Ta kula da masu irin wannan ciwon, ta san yadda shekarunsu ke tafiya. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana salati, yayanta ya kasa ɗaga ta.

Watanni suka wuce tsakanin asibiti da wurin gashin ƙashi, sannan aka sallamo shi. Aka fitar da kujerun falo aka kafa gadon asibiti. Allon nan kuwa Abdul-Gafaru ya ɗauke, ba ta tambayi inda ya kai shi ba. Ta bar aikin wuni ta koma na 'yan awoyi da safe. Abin da ta yi wa iyayen wasu shekara da shekaru, shi ta koma yi wa ɗanta mai shekara ashirin da biyu: ta juya shi don kada jikinsa ya yi gyambo, ta goge shi, ta ba shi abinci a baki. Ran da ta fara yi masa wanka ya rufe ido, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, bai iya sharewa ba.

Daga nan ya daina magana. Ta gaishe shi ya yi shiru. Elvis ya zo ya juyar da ido wajen bango. Sannu a hankali ya fara ƙin abinci. Ta dafa tuwon zafi da miyar ayoyo da yake so tun yana ƙarami, ya damƙe baki. Ta dama koko ta soya ƙosai, ya ɗauki cokali biyu ya ce ya isa. Wata safiya ya buɗe baki ya ce da ita, da Hausar da bai cika yi ba, "Mma, da Elvis ya bar ni a ruwan." Ta fita bayan gida ta toshe bakinta da tawul don kada ya ji kukanta.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta kira liman ya zo ya yi masa nasiha. Ta sa an yi saukar Alƙur'ani a Kumasi. Ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka ba shi magani. Yana ramewa tana gani. Kuma wata tambaya ta hana ta sakat: yaya aka yi ruwa ya yi wannan ɓarna a ranar da babu iska, babu hadari? Abdul-Gafaru yana da tasa amsar.

"Wahida, ruwa yana da masu shi. Yaron nan ya shiga musu gida ne. Ki daina tona maganar."

"Yaya, idan aljanu ne, me ya sa ba su taɓa Elvis ba? Tare suke."

"Allah ne ya sani."

Ta san Allah ne ya sani, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta tare Elvis a bakin ƙofa ta tambaye shi. Ya ce, "Anti, ni hawa kawai na iya. Mubarik ne ya san ruwa, shi ke faɗa mana ranar da za mu je. Shi za ki tambaya." Ita kuwa tun faruwar abin ba ta yarda an ambaci teku a gidan ba.

Wata rana da hantsi, bayan ya sake ƙin karin kumallo, tana canza masa zanen gado, sai haƙurinta ya ƙare. Ta tsaya a kansa da zanen a hannu.

"Tunda ka zaɓi ka mutu ka bar ni, to kafin nan ka faɗa mini abu ɗaya. Ranar nan babu iska. Na duba da idona. Me ya buge ka?"

Har ta juya, sai ta ji muryarsa a dusashe.

"Akwai iska, Mma. Ba a nan take ba."

"A ina take?"

"Can tsakiyar teku. Wata babbar guguwa ce, nesa sosai, ko kusa da mu ba ta zo ba. Ta yi kwanaki tana hura ruwa." Ya ci gaba da cewa, "Iska ce ke yin igiyar ruwa. Da farko ɗan yamutsi take yi a saman ruwan, kamar in kin hura shayi. In ta yi ƙarfi, ta daɗe tana hurawa, kuma ta samu fili mai faɗi, sai yamutsin ya girma. Ko guguwar ta mutu, igiyoyin da ta tayar ba sa tsayawa. Sai su yi ta tafiya har su sami gaɓa."

Wahida ta zauna a bakin gado a hankali, tana tsoron kada ya yi shiru. Ta ce, "Wato ruwan can ne ya taho har nan?"

"A'a. Riƙe bakin zanen nan ki kaɗa shi."

Ta kaɗa. Tudu ya tashi daga hannunta ya bi zanen har ƙarshen gado.

"Kin gani? Zanen yana hannunki, bai je ko'ina ba. Ƙarfin da kika sa ne ya tafi. Haka ruwan yake, yana ɗagawa ne ya sauka a inda yake, ƙarfin ne ke wucewa."

Ya ce mata igiyoyin da suka yi doguwar tafiya sun fi haɗari, domin a hanya sukan jeru, tazara mai yawa tsakanin wannan da waccan, kuma ƙarfinsu yana kaiwa can ƙasa. A cikin zurfi ba a ganin girmansu. Sai sun iso inda ruwa ya yi ƙaranci, gindinsu ya fara gogar ƙasa, tafiyarsu ta ragu, su tattaru su miƙe tsaye, saman ya rinjayi gindin ya kifo. In ƙasar teku ta gangara a hankali, a hankali igiyar ke karyewa, mutum ya hau ta ya yi tafiyarsa. In kuwa gaɓar ta yi tsaye, sai ta kifo gaba ɗaya a kan yashi.

"Ranar nan ruwa ya cika har bakin gaɓa," in ji shi. "Na riga na gama, fitowa nake. Manyan igiyoyi suna zuwa ne ƙungiya-ƙungiya, sai a yi shiru a tsakani. Na ga shiru na ɗauka sun wuce, na juya wa teku baya. Ruwan bai kai mini ƙugu ba, Mma. Na san duk wannan. Ni nake koya wa mutane kada su juya baya."

Ya fashe da kuka. Ta rungume kansa, ita ma tana yi. Ba ta ce masa ƙaddara ce ba, ya ji wannan daga bakin kowa. Da suka lafa ta ɗauko kokon da ya huce, ya sha kusan rabi.

Tun daga ranar ta kama wannan hanya, don ita kaɗai ta gani. Kullum da safe ta riƙe masa waya a gaban fuska, ya duba rahoton teku, ita kuma ta yi ta tambaya, har da abin da ta riga ta gane. Me ya sa iskar da ta fito daga tudu ke gyara igiya, ta teku kuma ta ɓata ta? Me ya sa hunturu ya fi bazara manyan igiyoyi? Yana amsawa tana tura masa cokali. Wata rana ya ci, wata rana ya ce ta ƙyale shi. Elvis ya fara bugo waya ran Alhamis yana tambayar ko ruwan Asabar zai yi kyau, Mubarik ya faɗa masa, wani lokaci har da faɗa. Bayan shekara guda hannun dama ya fara motsi, har ya iya tura allon waya da bayan yatsa. Ƙafafun ba su dawo ba.

Da bazara ta zagayo ya ce a kai shi teku. Ta ƙi, ya nace, ya sake daina cin abinci, dole ta yarda. Abdul-Gafaru ya tuƙa su har suka isa. Aka ara musu keken guragu mai manyan tayoyi, ita da Elvis suka tura shi cikin yashi. Wahida ta tsaya tana kallon ruwan yana tasowa yana kifewa, ƙarar na shiga mata har ciki. Can nesa wasu samari na zaune a kan allunansu suna jira. Mubarik ya kalle su na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Mma, mu koma gida." A mota bai yi magana ba, washegari ma haka. Sai a rana ta uku ya ce ta kawo waya.

Yanzu Wahida ta haura hamsin da biyar. Bayanta ya fara ciwo, likita ya ce ta daina ɗaga nauyi, ta ce to. Akwai ma'aikaciyar da ke zuwa 'yan awoyi, sauran lokacin ita ce. Abin da ke cinta, kamar yadda ta faɗa wa yayanta, shi ne wa zai juya shi ranar da ta kasa. Abdul-Gafaru ya ce zai dawo Lanham da zama in yaransa sun gama makaranta, amma da saura. Mubarik ya yi rajistar darasi ɗaya ta intanet a kan yanayin teku, wani mako ya bi, wani mako ya ce ba shi da amfani. Ran Juma'ar da ta wuce wata mata ta riƙo hannun Wahida a ƙofar masallaci ta tambaye ta mai jiki. Ta ce, "Da sauƙi, ya ci abinci yau," ta zare hannunta ta nufi mota, domin lokacin juya shi ya yi.